Kawu Musbahu da Hannun Jarin Kamfanin Buta

Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, Allah ya karɓi ran Kawu Musbahu, dillalin hannun jari, a gidansa da ke Ɗorayi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kawu, na zauna in rubuta baƙin ciki, amma murnar abin da kuka yi mana sai shiga gaba take yi.

A shekarar korona mijina ya rasu, ya bar wa yaranmu hannun jari a wani ƙaramin kamfanin roba a Sharaɗa, mai yin buta da bokiti. Kasuwa ta faɗi warwas. Danginsa suka matsa a sayar tun kafin gadon marayu ya zama takarda. Na zo muku ina kuka, na ce ku sayar ko nawa ne.

Maimakon ku buɗe kwamfuta, sai kuka tare mana adaidaita sahu. Ba ofishin manaja kuka kai ni ba, rumfar Binta mai abinci ce, a bakin ƙofar kamfanin. Ashe haka kuke zagaye rumfunan abinci na kamfanonin Bompai da Challawa, shi ya sa abokanku suke tsokanarku da dillalin shinkafa da wake.

"Binta, ma'aikatan nan har yanzu suna sa nama?"

"Wallahi, Alhaji, suna sawa. Jiya ma sai da na ƙaro."

Kuka nuna mini manyan motocin da suka yi layi suna jiran lodi, fuskarku cike da annuri. "Zulaiha, farashi ne ya faɗi, ba kamfani ba. Kin ji an daina alwala a Kano?"

Ba kullum kuke dacewa ba. Kun taɓa yabon wani kamfanin fata ya rufe, kuma ba ku ɓoye mini ba. Kuka ce hukuncin nawa ne. Na ƙi sayarwa, na sha gori, har aka ce zan cinye amanar marayu.

Sai ga riba ta fara fitowa! Bara da ita babbar 'yata Nafisa ta shiga jami'a. Ranar kun fi ni rawar jiki, kuna buga waya gida-gida kamar ku kuka ci jarrabawar.

Wajen zaman makokinku na ɗauki buta a tsakar gida zan yi alwalar la'asar. Na juya gindinta, sai ga tambarin kamfanin. Na duba sauran, duk nasa ne. Dariya ta kuɓuce mini, hawaye na zuba, mata suna kallona.

Ina miƙa ta'aziyya ga uwargidanku Hajiya Saudat da 'ya'yanta da dukkan dangi. Allah ya jiƙanku, Kawu, ya haskaka kabarinku, ya riƙe naku marayun yadda kuka riƙe nawa. Ba a daina alwala ba, kuma bayan kowace salla kuna cikin addu'armu.