Dambun da Na Kai wa Maƙwabcin Sani

Na daɗe ina juya maganar rubuta wannan tafiya. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in faɗi abin da ba haka yake ba, in ɗauki alhaki. Na fara na yaga, na sake farawa. Na daure ne saboda akwai abin da nake so a sanar da ni.

Fita daga Manchester

Ina zaune wurin ɗana Abba a Whalley Range, ina taya matarsa Maryam reno. Ƙanena Sani likita ne a Birmingham, ya sayi ɗan gidan katako a cikin duwatsu, tsakaninmu da su. Ya ce mu haɗu can ranar Asabar. Na turara dambun shinkafa da busasshen zogalen da na zo da shi daga Kano, na cika kula, na ɗauki langa ɗaya.

Muna idar da sallar asuba muka fita, ni da Abba. Kafin mu kai Stockport na ce ya juya, ban tabbata na kashe gas ba.

"Umma, Maryam fa tana gida."

"Barci take yi."

Sai da ya buga mata waya ta duba hankalina ya kwanta. Har muka wuce Buxton ba shingen 'yan sanda ko ɗaya. Hanya sai hawa take yi, ga tumaki birjik a kan tsauni babu makiyayi.

Gidan katako

Mun tarar da Sani ya hura murhun itace. Gidan ɗaki biyu ne, tsaf da shi. Ta taga na hango wani tsohon Bature a gidan kusa yana tonon lambu.

"Sani, ya sunan maƙwabcinka?"

"Wallahi Yaya ban sani ba. Muna dai ɗaga wa juna hannu."

Tun bara waccan ya sayi gidan fa! Da na buɗe kula ƙamshi ya cika ɗaki ya fita ta taga, sai na kasa kai loma. Na zuba dambu a langa na yafa mayafi.

"Yaya ki rufa mini asiri," in ji Sani. "Nan ba Fagge ba ne. Ba a kai wa mutum abinci haka kawai, zai ɗauka raini ne."

Na ce ƙamshin ya riga ya je masa, saura abincin.

Abba ya bi ni don ya yi tafinta. Tsohon ya tsaya yana kallon langar. Can ya goge hannu a wando ya karɓa da hannu biyu. Ya ce matarsa ta rasu bara. Bas ɗin da ke kai su gari kuma an soke shi tun da gwamnati ta fara tsuke bakin aljihu, abincin gwangwani yake ci sai ranar da 'yarsa ta zo.

Castleton da Edale

Bayan mun ci muka fita zaga ƙauyuka. Muna gangarawa wata siririyar hanya tsakanin manyan duwatsu biyu na yi salati.

"Yaji! Na barbaɗa masa yaji cokali biyu."

"Na Kano?" in ji Sani.

"Na Kano."

Ya dinga dariya har da dukan kujera. "Shi ke nan Yaya, maƙwabci ɗaya gare ni kin kashe shi."

Castleton gari ne mai kyau, gidajen dutse da furanni a kowace ƙofa. Mun sha shayi mai tsadar da ba zan iya faɗa ba. Suka ce mu shiga wani kogo da ke bakin garin, na ce su shiga su ba ni labari. A Edale muka shimfiɗa darduma gefen rafi muka yi azahar, wata tunkiya ta tsaya tana kallonmu har muka sallame. Duk da haka rabin hankalina na wurin tsohon. Na tambayi Sani ko motar asibiti na hawa can, ya ce in sha iska in ƙyale shi.

Komawa

Da la'asar muka dawo, sai ga langata a bakin ƙofa, an wanke ta tas, ga nauyi. Tsohon na jingine da shinge, hancinsa ja wur, yana fifita baki da hannu yana dariya. Abba ya ce wai kwalbar madara guda ya shanye, amma bai bar ko ƙwaya ba, kuma yaushe zan dawo? Nan suka gaisa da Sani hannu da hannu, kowa ya faɗi sunansa. A cikin langar akwai baƙin kek mai busassun 'ya'yan itace, shi ya gasa da kansa yadda matarsa take yi.

Mun iso gida bayan magariba lafiya lau. Na gode wa Allah, na gode wa Sani da Abba da suka yi haƙuri da ni.

To ga abin da ya sa na rubuto. Maryam ta shinshina kek ɗin ta ce irin wannan wasu na jiƙa shi da giya. Ban ci ba, ban kuma iya zubarwa ba, yana nan a firij. Don Allah waɗanda suka daɗe cikin Turawan ƙauye su sanar da ni: yaya ake gane mai giya da marar giya? In kuma sai an tambaye shi, da wane lafazi ake tambaya ba tare da ransa ya sosu ba? Ƙarshen wata za mu koma, kuma na san yana ganina zai tambaya ko na ci.