Shafin Da Na Buga Mata

Shekara ashirin da wani abu na yi ina buga wa ɗaliban jami'a takardu da tafireta, a wata rumfar kwano a bakin titin Samaru, a Zariya. Ni aji uku na sakandare na tsaya. Ɗan Turancin da na sani a takardun mutane na tsince shi. Na san inda ake sa waƙafi, na san yadda ake jera sunayen littattafai a ƙarshen firojet, amma in ka tambaye ni abin da firojet ɗin ya ce sai dai in zuba maka ido. Aikina shafi ya fito fes. In kuskure ya kai biyu a shafi ɗaya, yaga shi nake yi in sake. Mai aiki ba ya son ganin gyara, ni ma ba na so. A wurina takardar da aka yi wa gyara ɓatacciya ce.

A shekarun da nake magana kwamfuta ta riga ta fara cinye mu. Yaran da na girme wa iyayensu sun buɗe shaguna da janareta, mu kuma aka bar mu da cike fom da takardar rantsuwa. Mu biyu muka rage a rumfar, ni da wani tsohon soja mai teburi kusa da nawa, wanda yake kirana Farfesa don ya ɓata mini rai.

'Yata ta fari ta zauna jarrabawar shiga jami'a sau biyu ba ta kai maki ba. A karo na uku ta kai. Sai aka ce bana wannan bai wadatar ba, jami'a za ta yi tata jarrabawar ta tantancewa a ƙarshen damina, kuma a ciki akwai insha'in Turanci. Yarinyar ta iya lissafi, amma ka ba ta farar takarda ka ce ta rubuta wani abu daga kanta, sai ta zauna tana cizon biro.

Ran da ta kawo mini labarin muna tsakar gida a unguwarmu Muchia, cikin Sabon Gari, tana tsince shinkafa.

"Baba, wannan ce ta ƙarshe fa. In ban samu ba ka ƙyale ni."

"In ƙyale ki ki yi me?"

"Ƙawata ta ce akwai wuri a laimarsu."

Lokacin ne 'yan mata suke zama ƙarƙashin laima a bakin kasuwar Sabon Gari da wayar hannu a kan teburi, mutane suna zuwa suna buga waya suna biya. Na ce mata na ji. Ban ce na yarda ba, amma ita ta ɗauka mun yi magana.

Da aka shiga dogon hutu na fara neman lesin. Ba bango ko turken lantarki a Samaru da ba a manna takardar lesin hutu ba, wasu ma ni na buga musu. Na je wani a Jushi, a cikin ginin da ba a gama ba, na tarar da yara suna zaune a kan bulo, malamin bai zo ba. Na je wani a Basawa, wajen bariki. Wannan malamin yana nan, da bulala a hannu, amma lissafi da kimiyya kawai yake yi. Da na tambaye shi insha'i sai ya ce, "Wannan ai baiwa ce, Baba, ba a koyar da ita." Na hau acaɓa na dawo cikin ruwan sama.

Wata Lahadi bayan sujada matar wani dattijon ikilisiya ta gaya mini akwai wata Malama, mutumiyar kudancin Kaduna, da ta yi ritaya daga koyar da Turanci, tana tara yara a ajin firamaren da ke bayan coci. Ba ta manna takarda ko'ina. Na je na same ta. Gajeriya ce, da farin gilashi da takalmin roba. Yara goma sha biyu ne a ajin. Ta ce mini ita abu uku take koyarwa: yadda yaro zai karanta shafi ya rufe littafi ya faɗi abin da ke ciki a layi uku, yadda zai ɗauki bayani malami yana magana ba tare da an tsaya ana yi masa shifta ba, da yadda zai rubuta abin da ke kansa wani ya gane.

"A jami'a ba wanda zai jira ta, Baban yarinya," in ji ta.

Na ce to. Washegari yarinyar ta fara.

Bayan mako ɗaya na ce ta kawo littafinta in gani. Shafi biyu kacal aka taɓa. Malama ta ce su bayyana wani aiki da suke gani ana yi kullum, yarinyar kuma ta rubuta yadda nake canza ribin tawada a tafireta. Rabin shafi ne. Jan biro ya fi baƙin yawa. An ja layi, an zagaye kalmomi, an yi kibiya daga nan zuwa can, a gefe an rubuta tambayoyi: da wane hannu? sannan me ya faru? wa ya gaya miki haka?

Mako na biyu na sake dubawa. Ribin nan ne dai. Ta sake rubutawa, an sake zubar masa da ja. Mako na uku haka.

"Ke, ba ku wuce wurin nan ba har yanzu?"

"Ta ce sai ya yi, Baba. Ai ya ragu. Duba, da har nan ja yake kaiwa."

Ni ban ga ya ragu ba. Abin da na gani saura mako biyar a shiga jarrabawa, 'yata tana kan rabin shafi ɗaya. Na karɓi takardar na sa a aljihu. Da safe a rumfa na ɗora farar takarda, na buga shi da duk gyaran Malama a ciki, na daidaita gefe da gefe, na sa take a tsakiya na ja masa layi. Minti goma bai kai ba. Tsohon soja ya leƙo.

"Farfesa, yau kai ne ɗalibin?"

"Duba aikinka."

"Wane aiki? Tun safe ƙuda kaɗai ya sauka a teburina. Kawo in sa maka maki."

Na kai wa yarinyar na ce ta miƙa wa Malama, ta ce an gama wannan, a ba su na gaba. Ta riƙe takardar da hannu biyu, ta ce, "Baba, ba haka take so ba." Na ce ta kai. Ta kai.

Malama ta aiko in zo. Na tarar da ita ita kaɗai a ajin tana cin gyaɗa, shafina a gabanta.

"Sannu da aiki, Malam. Wanda ya buga wannan ya san aikinsa."

"Shekara ashirin, Malama."

"Na gani. To kai za ka shiga jami'ar?"

Na ce mata ni ban zo a yi mini ba'a ba. Na ce mako uku yarinya tana abu ɗaya, an cika mata littafi da ja kamar an yanka kaza a kai, in ita Malama ta san daidai ɗin me ya hana ta rubuta musu a allo su kwafa a wuce wurin?

"In na rubuta mata, ran jarrabawa wa zai rubuta mata?"

"Ai sai ta haddace."

"Ta haddace wanne? Ka san abin da za su tambaya?"

Ta ce jan biron nan shi ne darasin, kuma na ɗauke shi na jefar. Ta ce yarinyar ta kusa, a rubutu na uku ta fara ganin kuskurenta da kanta kafin a nuna mata. Ba ta ɗaga murya ba. Sai dai a gaban mutanen da suka yi karatu na saba jin irin wannan muryar, ta lallashi, kamar ana yi wa yaro bayanin wuta. Shekara ashirin ina jin ta daga bakin waɗanda nake gyara wa takardu. Na ɗauki shafina na ninke, na ce na gode, yarinyar ba za ta dawo ba.

"Ka yi tunani, Baban yarinya."

"Na yi."

Dama ina da inda zan kai ta. A farkon hutun wani matashi mai babban lesin a Samaru ya kawo mini aiki, saboda injinsa ya lalace. Insha'i ashirin ne da ya haɗa, kowanne shafi biyu cif: amfanin ilimi, illar shaye-shaye, gurɓacewar muhalli, wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, da sauransu. Ni na buga su da hannuna aka yi fotokwafi. Turanci ne mai kauri, irin wanda nake gani a firojet ɗin manya, akwai kalmomin da sai na bi su harafi-harafi. Na ce a raina wannan shi ne Turancin jami'a. Mai lesin ya ce mini duk abin da za a tambaya ba zai fita daga ashirin ɗin nan ba, kuma yaransa sun fi ɗari. Na leƙa na gani, har a taga suke zaune.

Yarinyar ba ta yi mini gardama ba. Kullum da safe mu hau bas tare daga Sabon Gari, ni in sauka a rumfa ita ta wuce lesin. A bas leɓenta yana motsi. Da yamma in riƙe takardar ita tana karantowa da ka, in ta tsallake kalma in tsayar da ita. Kafin mako huɗu ta haddace goma sha bakwai. Littafinta ya cika, ta shiga na biyu, babu ɗigon ja ko ɗaya. Uwarta ta ce yarinyar ta rage magana. Na ce karatu ne.

Sau ɗaya muka haɗu da Malama a ƙofar coci. Ta gaishe ni, ta dafa kafaɗar yarinyar ta ce Allah ya ba da sa'a. Shi ke nan.

Ranar jarrabawa na rufe teburina na jira ta a bakin ƙofar jami'a tare da sauran iyaye. Ta fito wajen azahar.

"Yaya?"

"Na cika shafi biyu."

"Me suka tambaya?"

"Wai mu rubuta a kan kwatar unguwarmu da damina, da abin da ya kamata a yi."

Kwatar ƙofar gidanmu duk damina sai ta shigo mana zaure. Ita take kwashe ruwan da bokiti tun tana 'yar shekara goma.

"Akwai shi a cikin ashirin ɗin?"

"Babu. Na rubuta na gurɓacewar muhalli. Shi ya fi kusa."

Na tuna shi. Akwai hayaƙin masana'antu a ciki, da man da ke malala a teku. Na ce ai duk muhalli ne. Na saya mata lemo muka tafi gida.

Da aka kafe sunaye na je da kaina. Na bi da yatsa daga sama zuwa ƙasa sau uku, na duba har sashen da ba ta nema ba. Wata mata kusa da ni tana tsalle tana kiran sunan Yesu. Na matsa mata ta samu wuri. Na koma rumfa na buga takardar rantsuwa guda biyu, don masu su suna jira.

Bayan kamar mako biyu wani malamin jami'a, tsohon mai kawo mini aiki, ya zo in cike masa fom. Yana zaune a benci yana hira da tsohon soja. Ya ce shi bana ya ga abin mamaki wajen duba takardun tantancewa. An tambayi yara kwatar unguwarsu, sai ga tulin takardu duk labarin teku, kalmomi iri ɗaya, waƙafi iri ɗaya, kamar an buga su a inji.

"Teku a Zariya?" in ji tsohon soja. "Ko rafin Kubanni ne ya girma ba mu sani ba?"

Malamin ya yi dariya, ya karanto layin farko da ka. Ya ce duk wadda suka ga haka gefe suke ajiye ta, don ba a san wa ya kwafi wa ba. Na san layin. Na san na biyun ma, da inda na koma sabon sakin layi. Tsohon soja ya kalle ni. Ranar bai ce mini Farfesa ba. Na gama fom ɗin, na zare takardar kabon, na miƙa. Ba kuskure ko ɗaya.

Da na koma gida na same ta tana wanki. Na tsaya a kanta. Na ce mata akwai baɗi. Na ce zan je in ba Malama haƙuri, in ta kama in durƙusa zan durƙusa, ta fara tun yanzu ba sai dogon hutu ba.

Ta matse rigar da ke hannunta ta jefa a bokiti.

"Baba, ai mun yi da kai."

"Ni ban ce na yarda ba."

"Na gaji, Baba."

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce laifin kowa ne ba. Ban gaya mata abin da malamin jami'ar ya faɗa ba. Ina jin ta sani tun tana cikin ɗakin jarrabawar, da ta ga na kusa da ita yana rubuta abin da take rubutawa.

Ran Litinin ta yi wanka, ta ɗauki kujerar roba ɗaya daga tsakar gida ta tafi bakin kasuwa. Bas ɗin Samaru ta nan yake bi. Na gan ta ta taga, ƙarƙashin laima, tana riƙe da agogo tana duba wa wani mutum mintinsa. Ba ta ɗago ba, ni ma ban ce direba ya tsaya ba.