Gayyar da Mahaifina Ya Kira a Bakin Get

Shekarun baya, can baya, tun haƙorana suna nan duka, akwai wani yini da har yau bai sake ni ba. Ni ban yi boko ba. Jikata ce ke riƙe da waya, ina faɗa tana rubutawa, duk inda kuka ga zance ya karkace to bakina ne.

A lokacin aurena ya mutu na koma gidanmu, a wani ƙauye da ke gefen Challawa. Mahaifiyata ta riga ta rasu. Gidan daga mahaifina, sai ƙannena maza biyu, sai ni. Zamanin ne kamfanoni suka fara cin gonaki. Yau ka ga masu awo da igiyarsu, gobe ka ga turakun siminti, jibi katanga ta tashi hayaƙi na fita ta bayanta. Gonakin mahaifina suka tafi ɗaya bayan ɗaya, har ya rage guda. Ita ma an kafa mata turaku. Ya roƙi arziki a bar shi ya cire amfanin wannan damina, aka ce to, amma daga ita shi ke nan.

Gero ya shuka. Kuma Allah Ya ba shi gero a shekarar kamar ana lallashinsa. Zangarniya ta yi tsawo, ta yi nauyi, mai wucewa sai ya tsaya ya ce masha Allah. Da kaka ta shigo ya girbe, ya yanke kan, ya jera shi a kan kara a tsakiyar gona don ya sha rana kafin a ɗaure dami. Shi kaɗai ya yi yawancin aikin, don ƙannena duka biyu sun shiga kamfanin saƙa. Ni kuma ina sayar da ɗanwake a bakin get ɗin kamfanin, ƙarƙashin wata rumfa da muka kafa mu mata.

Ranar da nake ba ku labari, tun hantsi garin ya yi tsit. Ba iska ko ta motsa ganye. Zufa na zuba mutum yana zaune. Tururuwa suka fito a jere da ƙwayayensu suna hawa katanga. Can gabas kuwa wani baƙi ya kwanta a gindin sama, bai taso ba, bai watse ba, sai ƙara kauri yake. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san irinsa. Hadarin bankwanan damina ne, mai zuwa da iska a gaba, ruwa a baya. In ya sami gero a ƙasa ya gama da shi.

Wata tsohuwa mai fura da ke zama kusa da ni ta dubi gabas ta dube ni.

"Geron babanki an ɗaure?"

Na ce, "Yana ƙasa."

Ta ce, "Innalillahi."

A garinmu, a da, in hadari ya taso geron mutum na ƙasa, ba a jira a roƙe ka. Maƙeri ya ajiye guduma, masaƙi ya tashi daga saƙa, liman ma yakan taƙaita karatu. Mai gona ya zaga da goro ya faɗa wa manya, matasa su fita gayya, kafin ɗigon farko an ɗaure an kai rumbu. Haka mahaifina ya sani, haka ya yi wa mutane tun yana saurayi. To ya zaga garin a safiyar nan bai sami kowa ba sai tsofaffi da mata da yara. Matasan duk suna bayan katanga.

Ina cikin tsame ɗanwake, bayan azahar, sai na hango shi tafe. Da farko ban gane shi ba, don ya sa rigarsa ta Juma'a, ya naɗa rawani, ga ƙunshin goro a hannunsa. Mai fura ta yi dariya don ta rage masa nauyi.

"Malam, irin wannan ado! Ni aka zo nema, ko akwai wadda ta riga ni?"

Ya yi murmushi kaɗan ya ce, "Ke sai bayan girbi." Ya wuce ya tsaya a bakin get, ya yi sallama kamar yadda ake yi a zaure.

Maigadin wani dattijo ne mutumin Damagaram, kullum nakan zuba masa ɗanwake da yaji da yawa. Ya fito ya rusuna suka gaisa. Mahaifina ya ce, "Maigidan wurin nan nake so in gani."

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau. Gerona ne a ƙasa, ga hadari. 'Ya'yana biyu na ciki, da yaran garinmu. Aron su na zo yi. Kafin la'asar sakaliya zan maido masa da su."

Maigadi ya ɗaga kai. Ya dubi gabas, ya dubi goron. Ya ce, "Baba, wurin nan ba shi da maigida irin wanda kuke nufi. Akwai oga, shi ma akwai na samansa, na saman kuma ko ni ban taɓa ganinsa ba."

"To a kira mini wanda ake gani."

"Ko ya zo, ba abin da zai ce. Inji ba ya tsayawa, Baba. Sai an busa jiniya ake fita."

Mahaifina ya ce, "Injin bai san hadari ba ne?"

Wasu direbobi da ke cin abinci a rumfarmu suka fashe da dariya. Shi kuwa ba wasa yake ba, tambaya yake. Maigadi bai yi dariya ba. Ya ce, "Ni ma manomi ne, Baba. Nawa geron yana can, ban san wa zai ɗaure ba." Sannan ya leƙa ciki ya aika a kira ƙannena.

Suka zo da gudu, auduga ta manne musu a gashi da gira, kamar sun tsufa a yini ɗaya. Suka tsaya ta ciki, shi yana ta waje, ƙarfe a tsakaninsu. Ban taɓa ganin sun yi magana da shi a tsaye ba sai ranar, don ba wurin tsugunawa a gaisa, masu kaya na ta wucewa.

Babban ya ce, "Baba, in muka fita yanzu mun fita ke nan. Za a karɓe katinmu. Ga mutane can a gindin bishiya tun asuba suna jiran a kori wani su shiga."

Mahaifina ya ce, "Na yini ɗaya ne."

"Ba su san yini ɗaya ba, Baba."

Ƙaramin kuwa sai ya kama ƙarfen get ya fara hawa. Babban ya riƙe masa riga, suka fara kokawa, ƙaramin yana cewa, "Sake ni! Ba ka ga gabas ba?" Babban yana cewa, "Na gani! In an kore mu me za mu ci? Gonar ta wa ce baɗi?"

Wannan maganar ce ta shiga kunnen mahaifina. Na ga ta shiga. Ya ɗaga hannu ya ce wa ƙaramin, "Sauka." Ya sauka. Ya ce, "Ku koma bakin aikinku. Allah Ya yi albarka." Sai ya miƙa wa maigadi goron. Maigadi ya ce, "Baba, ai ba a yi muku komai ba." Mahaifina ya ce, "Goron roƙo ba ya komawa gida. A raba wa yaran."

Ya juya. Ni ma na rufe tukunyar na bar wa matan rumfa, na bi shi. Mai fura ta ɗaure zane ta biyo mu tana haki, tana cewa ita dai an yi mata alkawarin bayan girbi, dole ta ga an yi girbin.

Mu uku muka shiga gonar, da jakin maƙwabci. Ni ban taɓa ɗaure dami ba a rayuwata, aikin maza ne. Na farko da na ɗaure, ina ɗagawa ya zube ta ƙasa kamar zanen yarinya. Jakin kuma ya ji ƙanshin ruwa ya kafe ƙafafu, na ja, na tura, na zage shi har uwarsa, Allah Ya yafe mini. Hadari ya taso ya rufe rabin sama. Cida ta fara daga nesa. Tsuntsaye suka ɗauke.

Na waiga in ga dami nawa mahaifina ya haɗa, sai na ga ba dami yake ɗaurewa ba. Ya tuɓe rigar Juma'ar ya shimfiɗa a ƙasa, yana bin jerin geron a hankali yana zaɓe. Ya ɗauki zangarniya, ya auna a hannu, ya murza, in ta yi masa ya ɗora a kan rigar. Iri yake cirewa, kamar yadda yake yi kowace kaka kafin a taɓa komai.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, iri kuma? A ina za ku shuka shi?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Babana ne ya ba ni shi."

Sai iska ta iso. Ta fara da sanyi a wuya, sannan ta zo gaba ɗaya da ƙura da kara da kwanon rufin wani da ta ɗebo daga gari. Ta ɗaga geron da ke shanye ta watsa shi cikin kunyoyi. Ruwa ya biyo kamar ana juye randa. Muka durƙusa a gindin wata tsamiya, mai fura na ta salati, mahaifina ya rungume ƙunshin irin a ƙirji ya sunkuya a kansa, ruwan na dukan bayansa tsirara.

Cikin wannan ruwan muka ji jiniya, can ƙasa-ƙasa. Ba a jima ba sai ga su. Ƙannena biyu a gaba, bayansu yaran garinmu masu aikin safe, duka da kayan kamfani a jikinsu, ba wanda ya biya gida. Gudu suke suna faɗuwa cikin laka suna tashi. Sun zo, wallahi sun zo. Suka tsaya a bakin gona suna kallon zangarniya na yawo a kan ruwa. Ƙaramin ya shiga yana tsamo ta da hannu biyu yana kuka. Babban ya tsaya wuri ɗaya, ya kasa duban mahaifinmu.

Mahaifina ya miƙe ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Sannunku da aiki."

Da zagin su ya yi, da ya fi musu sauƙi. Amma har zuciyarsa ya faɗa.

Abin da aka tsamo muka shanya a tsakar gida, sai dai gari ya ƙi buɗewa. Rabi ya yi tsiro, rabi ya yi baƙi. Kaji ma sai sun zaɓa. Kafin sanyi ya shigo motoci sun baje gonar. Shekarar nan albashin ƙannena muka ci, da geron kasuwa, kuma ba mu kwana da yunwa ba. Dole in faɗi wannan, don babban ya rasu yana ganin kamar shi ya kashe geron nan, alhali shi ya ciyar da mu.

Irin kuwa mahaifina ya ɗaure shi ya rataye a ɗakinsa. Damina ta zo, ya sauko da shi ya duba ya mayar. Wata ta sake zuwa, haka. Ya yi ta cigiyar aron gona, duk wanda ya tambaya tasa ma an auna. Daga baya ciwo ya kwantar da shi, abinci ya daina shiga. Wata safiya na kawo masa koko ya kau da kai. Ya nuna sama da haɓa.

Ya ce, "Sauko da shi ki daka. Fura nake so."

Na ce, "Baba, iri ne fa."

Ya ce, "Na sani."

Manomi ba ya cin iri ko da yunwa za ta kashe shi. Da ya faɗi haka na san abin da yake gaya mini. Na sussuka, na surfa, na daka, ina yi hawaye na zuba a turmi ina kau da kai kada su ɓata masa. Na dama da nono na kawo. Ya sha sosai, ya fi abin da ya sha a duk kwanakin. Ya miƙa wa ƙannena ƙwaryar ya ce kowa ya kurɓa. Bai kai kaka ba.

Yanzu a Na'ibawa nake zaune, gidan bulo, rufi mai ƙarfi. Ba ni da ko kunya ɗaya ta gero a duniya. Amma duk ƙarshen damina, in gari ya yi tsit gabas ta yi baƙi, sai in kasa zama. In tashi in kwashe shanya, in kife kwanuka, in ta zagaya tsakar gida ina neman abin da zan ɗauke. Jikokina su ce, "Kaka, an kwashe komai, ki zauna." In zauna. Ban taɓa jin haushin kowa a kan ranar nan ba, ko maigadi, ko ƙannena, ko mahaifina. Kowa ya yi abin da ya sani daidai ne. Gero dai ya jiƙe.