Takardar Babanmu ta Je Makera

Muna idar da sallar asuba muka kama hanyar Kaduna, ni da ƙanwata, daga garinmu na bayan Zariya. Surukina ne ya bugo waya, ya ce 'yata ta ɓoye katin rigakafin jaririyarsu Halima, wadda ta cika wata tara, ta kuma rantse babu mai yi mata allurar ƙyanda. Ita kuma 'yar tawa ta aiko in zo in yi wa babban ɗanta rubutun sha. Na ɗauki allo da tawada, na haɗa da gafakar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa.

Kuɗin mota ya hau, har ƙanwata ta tambayi direba ko da kujerar za mu sauka. Hanya wani wuri sumul, wani wuri sai salati. Masara ta yi kore dama da hagu. A Kawo muka sauka, muka karya da koko da ƙosai, ƙosan kuwa ya ƙanƙance kamar an auna shi da cokalin shayi. Daga nan Keke Napep ya ƙetara da mu gadar kogi, ruwan damina ya cika shi ya yi ja, muka shiga Makera.

Gidan na haya ne, ɗakuna a jere, Musulmi da Kirista famfo ɗaya. A bakin ƙofa na tarar da jikana Sadiku, ɗan shekara huɗu, yana jera murafan kwalba a kan layi. Na kira shi, bai waiwayo ba. Can aka tayar da injin markaɗe a maƙwabta, sai ya toshe kunnuwa da tafin hannu yana jijjiga jiki. Na tsaya ina kallonsa, domin na san wannan zaman.

Matan gidan suka shigo gaishe ni, kowacce da nata bayanin. Wata ta ce uwar ta fita da tsakar rana da cikinsa, iska ta shafe shi. Wata 'yar Kafanchan, da suke kira Maman Joy, ta ce, "Mama, baki ne. Yaron ya cika kyau yana jariri, kowa sai ya ɗauka." Likita dai ya ce galahanga ce, lalurar da ke sa yaro ya kasa magana da cuɗanya da mutane.

Da suka watse, 'yata ta ce, "Inna, ni na goya shi na kai shi allurar wata tara. Bayanta ne na ga ya daina kallona. Ba zan kai Halima da hannuna ba."

Ban yi mata gardama ba. Na buɗe gafaka na zaro wata takarda da ta yi ja don tsufa, inda Baba ya rubuta sunayen 'ya'yansa da ajami. Ita boko ta yi, sai na karanta mata ina bi da yatsa. A gaban suna na uku Baba ya rubuta: Mamman, ba ya magana, Allah ya san dalili. A gaban na biyar: Rakiya, ƙyanda, shekara ɗaya.

Ta ce, "Wane ne Mamman?"

Kunya ta kama ni. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, amma a ɗakin bayan gida ya yi rayuwarsa, ba ma ambatonsa a gaban baƙi, har ya rasu kafin a haife ta. Na gaya mata yadda yake jera 'ya'yan tsamiya a gindin rumbu, da yadda yake toshe kunne idan mata sun fara daka. Ƙauyenmu a lokacin ko ɗakin shan magani babu, Mamman bai taɓa ganin allura ba har ya yi gemu. Rakiya kuwa ni nake goyonta. Kwana shida ƙyanda ta yi mata, ta rasu.

Ƙanwata ta share hawaye ta ce, "Wallahi ina shigowa na ga Yaya Mamman a bakin ƙofar nan."

'Yata ta daɗe tana kallon takardar da ba ta iya karantawa. Ta ce, "To ba ni na jawo masa ba?" Na ce ba ke ba ce, kamar yadda ba tsohuwarmu ce ta jawo wa Mamman ba.

Na yi wa Sadiku rubutunsa, domin addu'a ba ta hana magani. Washegari da hantsi 'yata ta ɗaga katifa ta ciro katin. Ni na goya Halima zuwa ƙaramin asibitin unguwa, Maman Joy ta raka mu tana tsokanata wai goyona na zamanin da ne. Ma'aikaciyar ta ce alamun galahanga sukan fito ne a daidai shekarun da ake yin allurai, shi ya sa iyaye ke haɗa su, ta kuma faɗa mana inda ake koya wa irin su Sadiku. Da aka zo tsira allurar, uwar ta ce in miƙo mata 'yarta. Ita ta riƙe ta.

Kwana uku muka yi muka juyo, muka iso gida kafin la'asar, alhamdulillahi. Tafiyar ta nuna mini cewa shirun da muka yi a kan Mamman shi ya bar 'yata ita kaɗai da zargin kanta shekara uku. Da na huta na ɗauko alƙalami, na ƙara a ƙasan rubutun Baba: Sadiku, yana jera murafai, ba za a ɓoye shi ba. Halima, an yi mata ta wata tara.