Akuyar da Ta Riƙe Sunan Ƙofa

Ni ban taɓa zama a aji ba. Wannan ma da kuke karantawa, faɗa nake yi 'yar maƙwabta tana rubutawa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

A Naraguta na tashi, a hannun kakata da muke ce wa Iya. Wankin kuza ne sana'arta. Tun safe tana tsaye cikin ruwa har gwiwa, tana juya ƙwarya, yashi na tafiya, baƙin kuzan na kwanciya a gindi. Idan ta dawo, ƙafafunta sun yi fari fat don sanyi, shi ya sa ba ta yarda magariba ta yi ba a hura wuta ba. Mu yara mu kewaye ta, da dankali binne a toka, ita kuma ta miƙa wa wutar ƙafafu. Sai sun yi ɗumi take buɗe baki. Har yau in na ji ƙamshin dankali ya fara ƙuna, sai in waiga kamar zan gan ta.

Iya tana da doka. Ba ta ba ka sabuwar tatsuniya sai ka mayar mata da ta jiya da bakinka, daga farko har ƙarshe. Ka tsallake wuri, ta nuna ka da itacen tona wuta. "Koma! Ka baro kura a rijiya, wa zai fito da ita?" In ba wanda ya iya, a ci dankali a watse. Mun sha kwana da haushinta.

Akwai guda ɗaya da ta tsaya mini a maƙogwaro. Iya ta buga itacen a murhu ta ce, "Ga ta nan, ta gangaro daga kan dutse." Muka ce, "Ta matso ta ji ɗumi."

Wai akwai wani gari a cikin dutse, inda ake koya wa mutum duk abin da yake son sani, tun daga ɗorin karaya har gane ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Ƙofofinsa a jere suke, kowace da sunanta, ba ta buɗewa sai an kira ta. Wata tsohuwa a gindin dutsen ke faɗin sunayen, sau ɗaya tak. Duk wanda ya ji sai ya damƙe bakinsa ya ruga, kada wani ya ji, kada kuma su zube. Kafin ya kai sama haki ya cinye su, ya sauko da kunya.

Sai ga wata yarinya mai surutu, wadda magana ba ta kwana a cikinta. Tana hawa ta gamu da ƙadangare, ta gaya masa sunan ƙofar farko. Ta gaya wa hankaka na biyu. Na ƙarshe kuwa ta yi ta nanata wa wata akuya da ta biyo ta. Da ta kai sama, ita ma kanta ya juye, ba ta tuna ko ɗaya ba. Ƙadangare ya gyaɗa kai ya faɗi nasa, ƙofa ta buɗe. Hankaka ya faɗi nasa. A ƙofar ƙarshe akuya ta matso ta raɗa mata. Yarinya ta kira sunan, ta shige, ƙofa ta rufe.

Na ce, "Iya, akuyar fa?"

"Tana waje."

"Ai ita ma ta san sunan!"

"Ta sani."

"To me ya hana ta shiga?"

Iya ta tono dankali ta jefa mini a cinya. "Ba don awaki aka gina garin ba, Asabe. Ci, kafin ya huce."

Ban ci ba. A lokacin kullum da safe ina ɗauke da kunu zuwa wurin leburorin haƙa, 'yan makarantar mishan suna wuce ni a hanya da allunansu, suna rera abin da ban gane ba. Ba sai an gaya mini wace ce akuyar ba.

Shekaru suka tafi, Iya ta riga mu gidan gaskiya, ni ma na zama kaka a unguwar Congo-Russia da ke Jos. Jikata Zuwaira, 'yar ɗana Sani mai tuƙa bas tsakanin Jos da Bukuru, ita ce a ɗakina. Burinta ta karanta haɗa magunguna a jami'ar da aka gina a Naraguta, kusa da inda Iya ta ƙare ƙarfinta. Komai tana ci a jarrabawa, Turanci ke kayar da ita. Malamar da ke yi mata lesin, wata 'yar Birom mai haƙuri, ta tashi daga unguwar bayan rikici, ba ta sake samun mai zama da ita ba. Da ta faɗi karo na biyu, Sani ya ce na gaba shi ne na ƙarshe, in ba ta ci ba ta tafi shagon ɗinki. Ba mugunta ba ce, gajiya ce. Kuma na san ɗana, in ya faɗa ya faɗa.

Na sa mata ido. Ni ido ne aikina a gidan nan. Sai in gan ta da littafi a cinya, baki a rufe gam, idanu na gudu a kan takarda. Na gane wannan rufe bakin.

"Ke Zuwaira, me kike yi?"

"Karatu, Kaka."

"Ban ji komai ba."

"Ai a zuci ake yi."

"Shi ya sa ranar jarrabawa yake zamansa a zucin, ya ƙi fitowa. Tashi ki zubo gawayi a kasko."

Nan na kafa mata dokar Iya. Bayan magariba za ta koya mini kalmomi, kowace da ma'anarta, ta kuma sa ta cikin magana in ji. Gobe in karɓe littafin in zauna a kansa, ta mayar mini da na jiya kaf kafin ta ga sabon shafi.

Ta ce, "Kaka, ke da ko kam ta Turanci, wato zo, ba ki sani ba?"

"Kam tun ubanki bai zo duniya ba nake jin ta a bakin Turawan kuza. Fara."

Ta fara da babin makarantu. Admishan, a karɓe ka a jami'a. Fakalti, ɓangaren da kake karatu. Samasta, zangon karatu. Sikolashif, wani ya ɗauki nauyinka. Sai babin buri: ambishan, abin da ranka ke nema. Ditaminashan, nacewa. Acib, ka cim ma abin. In na maimaita, ta faɗi ƙasa tana dariya. In ce, "Yi dariyarki ki gama, ma'anar nake jira." Kunnen da Iya ta hora ba ya barin abu ya wuce. Ta tsallake ɗaya, in nuna ta da maficin fifita wuta. "Koma! Kin baro sikolashif a hanya." Ranar da ta kasa, babu sabo. Ta yi kuka, ta ce na fi malamansu tsanani. Ban lallashe ta ba.

Wata rana Sani ya shigo ya tarar da mu. "Inna, ke ma jami'ar za ki?"

"In za ka kai ni a wannan ƙwarababbiyar motar taka, oga direba, na fasa."

Ranar jarrabawa an ce su rubuta abin da suke son zama da yadda za su kai gare shi. Ta dawo tana ba ni labari wai a tsakiya kanta ya ɗauke, kalmar nacewa ta ɓace mata. Ta rufe ido, sai ta ji muryata ina faɗin ta a karkace yadda na saba, har ta toshe baki kada ta yi dariya a ɗakin. Ta rubuta, sauran suka biyo. Ta ci.

Sani ne ya kai mu ranar da za ta tare a jami'ar. Ta ja hannuna na shiga, ta nuna mini gine-gine, na ce, "Wannan ce fakaltin?" Ƙawayenta suka yi ta mamaki. Amma shigar baƙo na yi. La'asar na yi muka fito, ita ta tsaya a ciki tana ɗaga hannu. A hanya na hango kududdufin tsohon haƙa, ruwan ya yi kore, ba kowa a bakinsa. Na ce wa Sani ya rage gudu. Ya rage.

Na daɗe ina ganin Iya ta yi wa akuyar nan rowa. Bakinta ne, da ta so da ta buɗe mata ƙofa. Sai yanzu na gane ita ma a waje ta tsaya, da ƙafafunta cikin ruwa, kuma ba ta iya yi wa yaro ƙarya don ya yi barci ba. Ba zan ce son shiga ya bar ni ba. Yana nan. Amma na san abin da akuyar take yi a bakin ƙofa, wanda Iya ba ta faɗa ba: tana riƙe da sunan, ko za a sake nema.

Yanzu in magariba ta yi, ni kaɗai nake zuba gawayi. In miƙa wa kaskon ƙafafu, in jero kalmomin daga admishan, ban tsallake ko ɗaya. Akwai dai ta ƙarshen babin, giraduwet, wato wanda ya kammala. Ita ban faɗin ta a fili. Na ajiye wa Zuwaira, sai ranar da za ta fito in raɗa mata.