Hannu na Shida

A shekarun da aka fara kafa majalisun ƙauye a ƙasarmu, kafin a sami mulkin kai, ni dillaliya ce a wani gari kusa da Kalgo, a bakin gulbi. Ina da aure da 'ya'ya uku. Kullum da hantsi nakan ɗora kwando a ka, da zannuwa da turare da kwalli a ciki, in bi gida gida. Babu matar da ba ta taɓa shimfiɗa mini tabarma ta ba ni labarin abin da mijinta ya faɗa bayan ya ci tuwo ba. Mata ba sa zaɓe a lokacin, ba sa shiga majalisa, amma sau da yawa nakan riga masu zama a cikinta sanin abin da za a yi.

Mutum goma sha ɗaya ne a majalisar garinmu. Shida na jam'iyya mai mulki, kuma a cikinsu shugaba yake. Biyar 'yan adawa ne, yayana shi ne jagoransu. Yaya mai sayar da gishiri ne, yawancin mutanensa masunta ne da ke zaune a tungaye, ƙetaren gulbi.

Da farkon damina shugaba ya ɓata da mutum biyu daga cikin nasa. Na farko mahauci ne, an ɗauke masa kwata daga bakin kasuwa an kai can bayan gari. Na biyu dattijo ne marini, wanda duk gari ke ce wa Baba. An yi alkawarin haƙa sabuwar rijiya a unguwar marina, sai aka wayi gari ana auna wurinta a ƙofar gidan shugaba. Su biyun suka ce sun bar shi, amma ba su ce sun bi Yaya ba. Shugaba ya saura da mutum huɗu har da shi kansa, yana mulki da 'yan tsiraru. Dokar majalisar kuwa ta ce idan mutum shida suka ɗaga hannu cewa ba su yarda da shugaba ba, majalisa ta rushe, a koma zaɓe cikin mako uku.

Ran nan da la'asar na kai wa Inna, mahaifiyarmu, kifi, na tarar da Yaya a ɗakinta yana ta fara'a. Ya ce mahauci ya ba shi baki, zaman mako mai zuwa za su kayar da shugaba.

Na ce, "Yaya, in kun kayar da shi wanga wata, yaushe ne zaɓe?"

"Mako uku."

"To wa zai zo ya tsaya bayanka? Gulbi ya cika ya batse. Jiya na ƙetara, sai da na yi zaman rabin yini kafin in sami kwalekwale. Mutanenka suna can, mutanensa suna nan cikin gari, taku goma su isa filin zaɓe. Manoma kuma suna cikin noma na biyu. Duk wanda ya fito da su daga gona yanzu, shi za su zaga."

Ya dube ni ya ce, "Ke mi kika sani ga sha'anin majalisa?"

Na ce ban san majalisa ba, amma na san matar shugaba ta ce mini mijinta bai taɓa samun barci mai daɗi kamar na kwanakin nan ba, har cewa yake yi Allah ya sa su yi gaggawa. Mutumin da ke tsoron faɗuwa ba ya faɗin haka.

Inna ta ce, "Ka ji ta dai, ba a kanka kaɗai hankali ya ƙare ba."

Bai ce ya yarda ba, ba halinsa ba ne. Amma washegari ya tara mutanensa ya ce a dakata sai kaka, idan ruwa ya janye, an yanke gero. Wani tela a cikinsu, mai zafin kai, ya tashi ya ce wannan tsoro ne, dama ta zo hannu za a sake ta. Suka yi ta jayayya har azahar. A ƙarshe aka tsaya a kan maganar Yaya: ba za a kayar da shugaba ba, ba za a kuma taimake shi ba. Abin da ya kawo mai amfani a bar shi ya wuce, marar amfani a yi magana a kansa jama'a su ji.

Shugaba mutum ne mai wayo, nan da nan ya gane abin da ake ciki. A zama na gaba ya kawo shawarar a tashi masu sayar da kifi daga inuwar tsamiya a mai da su ƙarshen kasuwa, cikin rana. Yaya ya soki shawarar, mutanensa suka ƙi ta, ba ta wuce ba. Sai shugaba ya miƙe tsaye ya ce, "To tunda kun fi ni yawa, mi kuke jira? Ga ni. Wanda ba ya so na ya ɗaga hannu yanzu." Ya faɗa har sau uku. An ce tela har ya fara motsi, Yaya ya danne masa gwiwa. Babu hannun da ya tashi. Shugaba ya yi dariya ya ce ashe adawar ta baki ce.

Wannan magana ta zaga gari, ta ƙetara gulbi. Masunta suka fusata, suka ce an zage su a gaban Yaya ya sunkuyar da kai. Kwana biyu bai fita kasuwa ba. Ni kuwa na ƙara kaya a kwando na shiga kwalekwale. Tunga huɗu na zaga cikin mako guda. A kowane gida, bayan an gama duba zane, sai in tambayi matar, "In aka ce gobe zaɓe, maigidanki zai iya ƙetarawa da tsohonsa da ƙannensa?" Sai ta ce ina, kwalekwale nawa ne a tungar duka. Sai in ce, "To shi ke nan abin da Yaya ya duba. Ki gaya mishi." Ban taɓa tsayawa gaban namiji na yi bayani ba. Matan suka yi, kuma sun fi ni sanin lokacin da ake faɗa wa miji magana ya ji.

Jiran bai zo mana a banza ba. Ana fara yankan gero shugaba ya mayar wa mahauci da kwatarsa bakin kasuwa, mahauci ya koma inda ya fito. Aka zama biyar da biyar, Baba marini shi kaɗai a tsakiya. Ana cikin haka sai muka ji Baba ya tafi Gwandu wurin 'yarsa, bai ce ga ranar dawowa ba. Saura kwana tara zaman majalisa.

Yaya ya zo har gidana, abin da bai saba ba. Ya tsaya a tsakar gida ko zama bai yi ba. Ya ce, "Ga shawararki nan. Da hannu shida gare ni, yanzu biyar."

Na ce, "Da shida gare ka, amma da ka faɗi zaɓe. Ka bar mini Baba."

A Gwandu na girma, a hannun goggona, na san garin lungu lungu. Na roƙi mijina izini, na shiga mota daga Kalgo zuwa Birnin Kebbi. Daga nan na sami babbar motar ɗaukar kaya ta sauke ni Kambaza, sauran na taka da ƙafa tare da wasu mata masu tallan nono. Na kwana gidan Goggo. Da safe ban je gidan 'yar Baba ba, marina na nufa, don na san mutumin da ya shekara hamsin a bakin karofi, ramin rini, ba zai iya wuni a ɗaki ba. Can na same shi zaune a kan dutse, yana kallon wasu suna tsoma zane, hannuwansa shuɗɗa a kan gwiwa.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Ɗiyata, yayanki ya aiko ki?"

"Bai aiko ni ba, Baba, amma ya san na taho."

Ya ce in koma in gaya masa ya yi haƙuri. Ya ce uban shugaba ne ya ba shi filin da ya gina gidansa sa'ad da ya zo garin ba shi da kowa, kuma shi Baba ne ya riƙe shugaba a ƙafa ranar da aka yi masa kaciya. "Ya yi mini ba daidai ba, na bar shi. Amma in ɗaga hannu gaban jama'a in kunyata shi, wanga ban iyawa. Shi ya sa na taho nan, kada in zama na kowa."

Na ce, "Baba, ka gafarce ni, zamanka nan ma na wani ne. In ba ka je ba hannu biyar ne, shi ya ci, kuma ko godiya ba zai yi maka ba."

Ya gyara zama a kan dutsen.

Na ce, "Hannunka ba shi zai tsige shi ba. Abin da zai yi kawai ya mai da magana wurin mutanen gari. In suna son shi su dawo da shi, har kai kana iya tsayawa bayansa ran zaɓe, babu mai hana ka. Amma yanzu wata huɗu ke nan majalisa ba ta gama kome ba. Matan unguwarku har yau gulbi suke zuwa ɗibar ruwa, matarka a cikinsu."

Ya ce, "Kuma in haɗa ido da shi?"

"Ka riga zuwa gidansa. Ka gaya mishi da bakinka abin da za ka yi da dalili. Abin kunya shi ne ya gani a majalisa bai sani ba."

Sai ya tambaye ni ko Goggo na nan lafiya, ya ce in gaishe ta. Na tashi na yi masa sallama. Har na juya sai ya ce, "Motar nan ta Kambaza, kullum take wucewa?" Na ce ranar kasuwa kaɗai. Ya gyaɗa kai.

Da na dawo Yaya ya tare ni da tambaya. Na ce ya shirya mutanensa, Baba na tafe. Ya ce ya faɗa da bakinsa? Na ce bai faɗa ba, amma yana tafe. Kwana huɗu Yaya yana aikowa a tambaye ni, ina ba da amsa ɗaya.

Ana gobe zama Baba ya sauka. Ko gida bai shiga ba, ya wuce zauren shugaba da jakarsa a kafaɗa. Matar shugaba ta gaya mini daga baya cewa sun daɗe a ciki, ba ta ji an ɗaga murya ba, kuma da Baba zai fita shugaba bai raka shi ƙofa ba.

Ranar zaman ina ƙarƙashin tsamiya tare da masu kifi, muna hangen ƙofar majalisa. Yaya ne ya kawo maganar rashin yarda. Hannu biyar suka tashi tare. An ce Baba ya ɗan jima, sannan ya ɗaga nasa, bai kai shi sama sosai ba, kansa a ƙasa. Magatakarda ya ƙirga sau biyu ya ce shida.

Zaɓe ya zo gulbi ya janye har ana takawa da ƙafa, ruwa iya gwiwa. Tun da sassafe masunta suka riƙa ƙetarowa, wanduna a naɗe, wasu goye da tsofaffinsu. A lokacin layi ake yi a bayan wanda ake so, kowa na ganin kowa. Na hau kan katangar gidan Inna na ga layukan da idona. Mutanen Yaya suka sami kujera bakwai. Shugaba ya tsira da tasa, mahauci ya rasa. Tela ya zo gidana da yamma, ya tsaya a zaure ya aiko a ce yana gaishe ni, bai ƙara kome a kai ba.

Baba bai sake tsayawa takara ba. Ran zaɓe a bayan tsohon shugaba ya yi layi, kowa ya gani, amma duk da haka tsohon shugaba ya yi watanni ba ya amsa gaisuwarsa. Wannan ya dame ni ƙwarai, don ni na je na taso shi daga inda ya ɓuya. Ban yi nadama ba, ko yau aka maimaita haka zan yi, amma nakan canza hanya idan na hango shi zaune shi kaɗai. Sai da Baba ya kwanta ciwon ƙafa a bazara ta gaba tsohon shugaba ya je duba shi. Ya kai masa man shafawa da goro, ya zauna a bakin gadonsa har aka kira azahar, sannan ya kama shi suka tafi masallaci a hankali.