Ramin da Aka Ce In Rufe

A duk shekarun da na yi a kan katafila, ranar da ta ƙi barin raina ita ce ranar da aka tura ni in rufe wani rami a hanyar Belbeji. Ku yaran yanzu da kuke tuƙi cikin ɗaki mai sanyi kuna jin waƙa a waya, ku ajiye shayin nan ku saurara, don wannan ba a koyar da shi a makarantar tuƙi.

A lokacin muna gyaran wata hanyar jan marmara da ta rabu da kwalta ta nufi yamma. Ga wanda bai san aikin ba, ba ƙasar wurin ake tarawa a ce an yi hanya ba. Ana neman inda marmara mai kyau take, a kankare ƙasar sama a tara ta gefe, sannan a haƙa, tifofi su yi ta jigila. Wannan ramin shi muke kira kariyer. Ƙa'ida kuma ita ce, kafin hukuma ta karɓi aiki, sai kamfani ya rufe ramin, ya mayar da ƙasar sama, ya bar wuri yadda ya same shi. In ba a yi haka ba, ba a sa hannu.

Raminmu ya faɗo kusa da wani ƙauyen manoman gero. Marmarar ta yi kyau, aka bi ta ƙasa sosai, har gefen gabas ya tsaya a miƙe kamar bango. Damina ta same mu ba mu gama ba, ruwa ya cika ramin taf. Wanda ya san ƙasar Damargu da ƙarancin ruwanta ya san abin da wannan yake nufi. Rijiyar garin tana da nisa, ga zurfi, sai da jaki ake jan guga, mace ta fita da safe ba ta dawowa sai rana ta yi tsaka. Sai ga tabki ya sauka a bayan gari. Mata suka koma can, makiyaya ma suka ji labari.

Ana tsakiyar damina, wata yarinya mai suna Zuwaira ta je ɗibar ruwa ta gefen bangon nan. Ƙasa ta zame da ita. Kafin manya su iso, rai ya yi halinsa. Mun je gaisuwa dukanmu, mun zauna kanmu a ƙasa. Bayan sadakar uku, mahaifinta, Malam Idi, ya zo har inda muke ajiye injuna. Bai nemi shef ba, wato shugabar aikinmu, ni ya nema.

"Kai ne mai turin ƙasa?"

Na ce, "Ni ne, Malam."

"Ranar da za a rufe ramin nan, a faɗa mini. Ina so in gani da idona."

Na yi masa alkawari. Ina da ƴaƴa mata ni ma, kuma a ranar da zan iya da na rufe shi kafin magariba.

Ba a ba da umarnin ba sai ƙarshen watan Oktoba, an gama yankan gero, garkunan da suka yi damina a wajen Tenhya sun fara gangarowa. Shef ɗinmu mace ce, Madam Rahila, injiniya, mutuniyar Damagaram. Ba ta da faɗa, amma in ta ce ga ƙa'ida, to ka nemi wata maganar. Ta ce in yanka hanya ta gefen kudu ruwa ya zurare fadama, in ya tsane in tura ƙasa. Na aika wa Malam Idi, aka kuma sanar da maigari.

Na isa da safe ina tsammanin rigima. Na saba, a wasu wuraren har kwanciya ake yi gaban inji. Nan kuwa babu wanda ya tare ni. Garin ne kaf a bakin ruwa, kowa yana ɗiba. Jarkoki, tuluna, gangunan ƙarfe a kan amalanke, har tukwanen tuwo da ƙoren wanka an fito da su. Fulani sun jera shanu suna shayarwa, wani Buzu yana cika salkuna yana ɗora wa jakuna. Ba hira, ba dariya, sai ƙarar ruwa yana shiga jarka. Can gefen gabas, a saman bangon, Malam Idi yana zaune shi kaɗai da sandarsa.

Na sauko na sami maigari. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba wanda zai ce komai?"

Ya dube ni ya ce, "Da wane baki? Ga uban yarinya can zaune. Ka yi aikinka, ɗana."

Nan na gane. Ba yarda suka yi ba, kara ce. Ruwan nan zai kai su har tsakiyar rani, sun san haka, amma babu mai iya buɗe baki ya roƙi a bar abin da ya ci ƴar maƙwabcinsa. Sun gwammace su kwashi na kwana biyu su koma rijiya. Na koma kan inji don dai aiki aiki ne, kuma na yi wa mutum alkawari.

Na tayar, na sauke wuƙar katafila, na nufi gefen kudu a hankali. A nan ne na hangi wata mata a ƙarshen layi, da jaki da yara mata biyu, kowace da ƴar jarkarta. Ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta, ta juya wa gabas baya. Aka ce mini daga baya ita ce Hajo, mahaifiyar Zuwaira. Tun rasuwar ba ta taka wurin ba, ƴan uwa ke kai mata ruwa. Ranar nan kowa na kansa yake yi, ita ma gidanta sai an sha.

Malam Idi ya gan ta. Na ga ya miƙe, ya ɗaga sanda sama. Na taka birki, na kashe inji.

Ya zagayo a ƙafa, bai yi sauri ba, kowa ya bar ɗiba yana kallonsa. Da ya iso ya tsaya jikin sarƙar inji. Sannan ya ce, "Abin nan naka, rufewa kaɗai ya iya?"

Na ce, "Yana yanka, yana kwantarwa, Malam."

"Bangon can, zai iya kwantar da shi? Yadda ko mai rarrafe ya shiga zai fito?"

"Zai iya. Amma ba ni ke da iko ba."

Ya juya wajen Madam Rahila, wadda ta iso da motarta tana tsaye. Ya ce, "Madam, ni na ce a rufe, ni kuma na janye. In an rufe, ƙannen Zuwaira ne za su riƙa tafiya rijiya. Ɗaya na rasa, ba na so rana ta cinye mini sauran. Amma inda ta faɗi, ku binne mini shi."

Madam ta dubi ramin. Na san abin da take aunawa, karɓar aiki saura kwana kaɗan, in aka tarar da rami a buɗe ita za a tuhuma. Ta ce, "Baba, ka ba ni zuwa azahar." Ta koma mota ta kira magajin gari, shugaban hukumar yankin, ta kira patoronmu, mai kamfani. Ƙa'ida ta yarda a bar rami in hukumar gari ce ta nema kuma ta ɗauki nauyinsa, sai dai ba kowane shef ke son wahalar bi ba. Ita ta bi. Karɓar aikin ta yi jinkiri, ta sha magana daga sama, ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba.

Na yi kwanaki ina wannan aikin. Gefen gabas na cike shi da ƙasa na danne. Sauran gaɓar na yanka ta na kwantar, na zuba tsakuwa inda mata za su tsaya, na ware wa dabbobi nasu gefe. Ban taɓa lallaɓa ƙasa kamar yadda na lallaɓa wannan ba, ko a gaban fadar gwamna.

Da na gama na ce wa maigari a iya ɗiba. Malam Idi ya ce a dakata. Ya tuɓe riga, ya naɗe wando, ya ɗauki sandarsa ya shiga ruwan. Yana taka ƙafa, yana caka sanda gabansa, har ruwa ya kai masa ƙirji, ya fito, ya matsa gaba, ya sake shiga. Haka ya zagaye tabkin nan gaba ɗaya, gari yana tsaye yana kallo. Wuri ɗaya ya kira ni ya ce nan akwai saura, na tayar da inji na gyara. Sai da ya gamsu ya kama hannun ƙaramar ƴarsa, ya kai ta bakin ruwa, ya tsaya a kanta har ta cika jarkarta. Na juya na ɓuya bayan inji, don babba da gemu ba ya so a ga hawayensa.

Mu masu aikin hanya idonmu yana kan abin da mota za ta taka, shi ake aunawa, shi ake biya. Amma mu tafiya muke yi, mutanen wurin su ke kwana da abin da muka bari a gefe. Kuma in kun isa wuri kun tarar mutane sun yi shiru, kada ku ce sun yarda, ku sauko daga inji ku tambaya. Marmarar da muka shimfiɗa a hanyar nan tuni ta cinye, an sake zuba wata. Tabkin yana nan. Ni kuwa tun daga ranar har na ajiye aiki, ban sake barin rami a bayana ba sai na tuɓe takalmi na taka gaɓarsa da ƙafata.